Zuwa Nabul da ƙauyukanta a watan Janairu: abin da za ku tarar da yadda za ku shirya

Tambaya: Ni da maiɗakina muna da hutun mako guda a watan Janairu, kuma mun ga kuɗin otal a Hammamat da Nabul na ƙasar Tunisiya ya faɗi sosai a wannan lokaci. Shin akwai abin gani a garin bakin teku cikin sanyi, ko asarar kuɗi za mu yi? Ina ya kamata mu sauka, me za mu ɗauka, kuma yaya za mu ga ƙauyuka?

Amsa: Malam, akwai abin gani, sai dai ka cire hoton talla daga ranka tun yanzu. Ruwan Bahar Rum a wannan gaɓa cikin Janairu ba ya wuce digiri 15 zuwa 16 a ma'aunin Salshiyas, ko Turawan da suka saba da sanyi kaɗan ne ke shigarsa. Kujerun bakin teku an tattara su an ɗaure, masu sayar da tsaraba da yawa sun rufe. Abin da lokacin ke bayarwa yana tudu. A can damina da sanyi tare suke zuwa, daga Oktoba zuwa Maris, don haka Janairu ne ƙasa ke yin kore shar, lemo ke nuna a bishiya, ana karkaɗar zaitun ana kai wa matatsa, gari kuma ya koma hannun masu shi. Wanda ya je don wannan zai ji daɗin tafiyarsa, muddin bai yi kuskuren ɗakin kwana ba. Zan daɗe a kan maganar ɗaki, domin a nan tafiyar sanyi ke gyaruwa ko ta lalace.

Yankin wani zirin ƙasa ne da ya kutsa cikin teku a gabas da birnin Tunis. Larabawa suna ce masa Al-Waɗan al-Ƙibli, a taswira kuwa za ka ga Cap Bon. Nabul ce hedikwatar jihar, kimanin kilomita 65 daga Tunis, Hammamat kuma tana kudu maso yammacinta da tazarar da ba ta kai kilomita 15 ba. A allunan hanya da cikin waya da rubutun Faransanci ake sa sunayen: Nabeul, Hammamet, Kélibia, El Haouaria, Korbous. Ka riƙe wannan don neman hanya. Iskar sanyi galibi daga arewa maso yamma take busowa, kuma akwai duwatsu a tsakiyar zirin da ke tare ta, shi ya sa Nabul da Hammamat suke da ɗan sauƙi, can ƙarshen tsinin ƙasar kuwa, a Hawwariya, iska kan hana mutum tsayuwa sosai.

Irin sanyin

Lambobin ba su da ban tsoro: da rana digiri 15 ko 16, da dare 7 zuwa 9. Bakano zai ce ai hunturunmu ma yakan sauko kusa da haka da asuba. Bambancin biyu ne. Na farko, a Kano ko Zinder da hantsi ya ɗaga sai zafi ya dawo, jiki da bango su sake ɗumama. A can rana ba ta da wannan ƙarfi, kuma gajeriya ce. Wajen ƙarfe bakwai da rabi take fitowa, wajen biyar da rabi ta faɗi. Na biyu, sanyinmu busasshe ne, nasu jiƙaƙƙe. Danshin teku yana shiga katifa da tawul da tufafin da ke cikin akwati. Rigar da ka wanke ka shanya a ɗaki tana iya yin kwana biyu ba ta bushe ba. Gidajen kuma don zafi aka gina su: daɓen tayil ko marmara, farin bango, tagogi marasa rufi biyu. Ba abin mamaki ba ne da tsakar rana ka ji waje ya fi cikin ɗaki ɗumi.

Manoman ƙasar suna da nasu lissafin. Kwana arba'in na tsakiyar sanyi suna kiransu liyali: fararen darare daga 25 ga Disamba zuwa 13 ga Janairu, baƙaƙen darare daga 14 ga Janairu zuwa 2 ga Fabrairu. Hutunku a cikinsu zai faɗa. A tsakiyar Fabrairu akwai wani ɗan sanyi mai tsanani da suke kira ƙarrat al-anz, wato sanyin akuya. Ruwan sama ba kullum yake sauka ba. Yakan zo ne a jere, kwana biyu ko uku na hadari da iska, sannan a samu kwanaki na sarari, sama shuɗiya fes. Cikin mako guda ka sa ran kwana biyu za su tafi a ruwa, in ruwan bai kai haka ba, riba ce.

Masauki

Manyan otal-otal na unguwar Yasmin Hammamat, wadda aka gina domin masu yawon buɗe ido kawai, su ne farashinsu ke faɗuwa warwas. Dalilin faɗuwar shi ne babu mutane. Wasu suna rufewa gaba ɗaya daga Nuwamba zuwa Maris, wasu su rufe rabin ginin, su bar ɗakin cin abinci guda. Ka fito da magariba, titi fayau, ba shagon da za ka sayi ko burodi. Ni a ganina ku sauka a cikin Nabul, ko kusa da tsohon garin Hammamat. Nabul gari ne mai kasuwa da ma'aikatu da makarantu, ba ya mutuwa don baƙi sun tafi, kuma tashar motocin ƙauyuka tana nan. Makon shiga sabuwar shekara da hutun makarantu na ƙarshen Disamba farashi yakan sake tashi, bayan nan ya sauka.

Kafin ka biya ko sisi, ka rubuta wa masu masaukin tambayoyi uku, ka nemi amsa a rubuce. Da me ake ɗumama ɗaki? Awa nawa ake kunnawa a rana? Ruwan zafin wanka da lantarki yake ko da gas, in da gas ne ina aka kafa na'urar? A bakinsu tambayar farko ita ce "Famma shofaj?" Wasu otal suna da ɗumi na bututu da ke zagaye ginin duka, amma sai su kunna shi sa'o'i kaɗan da yamma su kashe da tsakar dare, lokacin da aka fi bukatarsa. Ka nemi ɗakin da tagarsa ke kallon kudu, a hawa na ɗaya ko na biyu. Ɗakin ƙasa ya fi danshi, na can sama kuma rufin siminti yana zubo masa sanyi. Da ka shiga, ka shinshina, ka ja labule ka duba kusurwar bango da bayan kabad. In ka ga baƙin tabo na fumfuna, a canja maka ɗaki, musamman idan ɗayanku yana da asma.

Yawancin gidajen haya da na'urar sanyaya ɗaki suke ɗumamawa, irin wadda muka sani, amma mai aiki biyu. Mutane da yawa suna kwana cikin sanyi don ba su san yadda ake juya ta ba. A kan rimot ka danna maɓallin canja aiki har alamar rana ta fito a madadin alamar ƙanƙara, ka sa lamba 22 zuwa 24, sannan ka jira. Takan yi shiru na minti uku zuwa biyar kafin ta fara hurowa, domin sai bututun ciki ya yi zafi. Mai gaggawa sai ya ɗauka ta lalace ya kashe. Cikin dare kuma za ka ji ta tsaya na 'yan mintoci, tana narkar da ƙanƙarar da ta taru a injin waje ne, za ta ci gaba da kanta. Ka juya fukafukinta ƙasa, tunda iska mai zafi sama take hawa.

Yanzu abin da ke kisa. Duk shekara a Tunisiya ana rasa rayuka cikin sanyi saboda gubar da ke fita daga garwashi da na'urorin gas, har suna da sunanta: zanzana. Ita ce dai gubar da ke cikin hayaƙin janareta, wadda ke kashe iyali guda a ɗaki a ƙasashenmu. Ba ta da wari, ba ta da launi. Hanyoyinta uku ne a can: kaskon garwashi da suke kira kanun, hita mai tukunyar gas, da na'urar dafa ruwan wanka mai gas idan an kafa ta cikin banɗaki ko kicin marar taga. Ka kalli harshen wutar na'urar. Shuɗi tsaf shi ne lafiya. In ya yi ɗorawa yana lilo, ko akwai baƙin hayaƙi a bangon da ke samanta, gas ba ya ƙonewa daidai. Kada a kwana da hitar gas ko garwashi a kunne, ko da sanyin ya kai yaya, kuma kada a toshe ramukan iska da ke jikin ƙofa ko bango da tsumma. Alamar farko ciwon kai ne da jiri da tashin zuciya, kuma babbar shaida ita ce ku biyu ku ji su a lokaci ɗaya. In haka ta faru, a buɗe taga, a fita waje, a kira 198, lambar jami'an ceto, ko 190 ta motar asibiti. Hitar gas tana da wata illa ƙarama: tururi take fitarwa, da safe ka ga gilashin taga yana zubar ruwa, ɗaki ya ƙara danshi.

Kayan sawa ba sai sun yi yawa ba, a dai jera su hawa uku: ta ciki mai kama jiki har da dogon wando na ciki, sai suwaita ta ulu, sai jaket mai tare ruwa da iska. Babbar riga da shadda ba sa riƙe ɗumi, amma za a iya sa su a kan na cikin. Uwargida ta sa wando mai kauri a ƙarƙashin doguwar riga, da mayafi mai nauyi. Takalmi rufaffe mai tafin roba, domin duwatsun daɓen tsohon gari suna santsi in sun jiƙe. Safa ƙafa biyar ko shida kowa, da silifas na cikin ɗaki saboda tayil. Lema ba ta da amfani sosai a bakin teku, iska ke juya ta. In kun ga kayanku sun gaza, garin Bani Khiyar yana nan dab da Nabul, masaƙan ulu ne, a nan ake samun ƙashabiya, wata riga mai kauri mai haɗe da hula, 'yar'uwar alkyabba. Soket ɗinsu mai rami biyu zagayayyu ne, wanda ya fito daga Najeriya ya taho da adafta. Agogo kuwa ba sai an taɓa shi ba, lokacinsu ɗaya da na Najeriya da Nijar.

Zirga-zirga

Daga Tunis zuwa Nabul akwai jirgin ƙasa, wani lokaci da canji a Bir Buragba, amma ba ya tashi da yawa. Abin da kowa ke hawa shi ne luwaj, ƙaramar bas fara mai ɗaukar mutum takwas, wadda ba ta tashi sai ta cika. Mai jan layi a jiki tana haɗa manyan garuruwa, mai shuɗi tana yawo cikin jiha, mai ɗorawa ta shiga ƙauyuka. Ta Nabul da Hammamat a tashar Bab Aliwa ake hawanta a Tunis. Kuɗin a ƙayyade yake, babu ciniki. Matsalarta a sanyi ita ce dawowa: da la'asar ta yi fasinja sun ragu, sai ka zauna awa guda kana jiran mutum biyu, ko a ce ta ƙarshe ta tafi. Ka tambayi direban da ya kai ka ƙarfe nawa motoci ke yankewa, ka koma tasha awa guda kafin nan. In kujera ɗaya ko biyu ta rage, kana iya biyan kuɗinta a tashi.

Tasi na cikin gari ɗorawa ne, da mita. Jar fitila a gabansa tana nufin babu kowa, koriya kuwa da fasinja, akasin abin da mutum zai zata. Da dare akwai ƙarin rabin kuɗi. Don zagayen ƙauyuka, hayar mota ta kwana biyu ta fi, ko a yi jinga da mai tasi na yini. A hannun dama ake tuƙi kamar gida, gudu kilomita 50 a gari, 90 a buɗaɗɗiyar hanya, 110 a babbar hanyar da ake biyan kuɗi. Ka ɗauki hoton motar ta kowane gefe kafin ka karɓa, ka gwada abin share gilashi da fitilu. Ka guji tuƙin bayan magariba a hanyoyin gona, saboda taraktocin da ke dawowa da kayan lemo da zaitun ba duka ke da fitilar baya ba. Kuma kada ka ratsa kwari in ruwa na gudu a kansa. Ƙoramun yankin busassu ne yawancin shekara, amma cikin awa guda suke cika. A watan Satumba na 2018 ruwan yini ɗaya ya mamaye Nabul, ya tafi da motoci da gadoji da rayuka. Hukumar yanayi ta ƙasar tana fitar da gargaɗi da launuka. Ranar da aka sa wa jiharku launin ruwan lemo ko ja, ku zauna a gari.

Saboda haka kada ka ɗaure kowace rana da wuri tun daga gida. Ka ware abubuwan ranar sarari da na ranar ruwa, kowace safiya ka leƙa sama ka zaɓa.

Ranakun sarari

Rana mafi kyau ka ba hanyar arewa. Daga Nabul zuwa Ƙalibiya kusan kilomita 60 ne ta Kurba da Manzil Tamim. Ku fita kafin ƙarfe takwas. Bayan Kurba, tsakanin hanya da teku, akwai tafkuna masu gishiri da ke cika da ruwan sama, a nan tsuntsayen nan masu dogayen ƙafafu da launin hoda suke yin sanyinsu, tare da agwagin ruwa da suka gudo daga Turai. A Ƙalibiya ku hau kagarar da ke kan dutse a saman tashar masunta. Daga kan ganuwarta, ranar da iska ta share sama bayan ruwa, ana hango tsibirin Fantelariya na Italiya, mai nisan kusan kilomita 70. Da zafi hazo kan ɓoye shi, wannan kyautar sanyi ce.

Kimanin kilomita 12 gaba akwai Karkuwan, kuma in abu ɗaya kaɗai za ku gani a yankin, shi ne. Kufan gari ne na mutanen Kartaj, tsohuwar daular da birninta yake kusa da Tunis ta yau, wanda aka watsar da shi wajen shekara ta 250 kafin haihuwar Annabi Isa, lokacin yaƙinsu na farko da Rumawa, ba a kuma sake gini a kansa ba. Sauran garuruwansu duk Rumawa sun gina nasu a kai, wannan ne ya tsira da tsarinsa. An gano shi a 1952, UNESCO ta sa shi cikin wuraren tarihi na duniya a 1985. Bangayen ba su wuce gwiwa ko ƙugu ba, amma komai a bayyane yake: zaure, tsakar gida da rijiya, magudanar ruwa da ke fita titi. Ka tsaya a kan banɗakunan. Kusan kowane gida yana da bahon wanka na zama, da ɗan benci a ciki, an shafe shi da jan siminti mai ɗigon fararen duwatsu, har yau ruwan sama yana kwanciya a ciki bai tsiyaye ba. Wurin a bakin teku yake, ba abin da ke tare iska, a ɗaure kai da kyau. Gidajen tarihi da dama a ƙasar ba sa buɗewa ran Litinin, kuma a sanyi da wuri suke rufewa, ku isa kafin ƙarfe uku.

Hawwariya tana can ƙarshe, kusan kilomita 140 daga tsibirin Sisili na Italiya. Akwai koguna a bakin teku inda aka fasa dutsen da aka gina Kartaj da shi, amma akan rufe su lokaci-lokaci don tsoron ruftawa, ka tambaya a Ƙalibiya kafin ka ƙarasa. Bikin masu farauta da shaho da garin ya yi suna da shi sai watan Yuni. In iska ta yi yawa, ku juyo daga Karkuwan, ba ku yi asarar komai ba.

Rana ta biyu ta lambuna ce, kuma ba ta da nisa. Bani Khallad da Manzil Buzalfa su ne cibiyar lemo, mafi yawan lemon Tunisiya daga wannan yanki yake fitowa. Za ka ga an kewaye kowane lambu da dogayen bishiyoyi a jere, maganin iska ne. A Janairu ƙananan lemo masu saurin ɓarewa suna ƙarewa, tomson mai cibiya yana tsakiyar kakarsa, malti kuma yana shigowa. Malti shi ne abin alfaharinsu: ɓawo siriri, ruwa da yawa, jan dishi-dishi a cikin tsoka, kuma Faransa ake kai mafi yawan wanda ake fitarwa. Ka zaɓi mai nauyi a hannu, ba mai girma ba. Lemon da ke kan bishiyoyin titin Nabul kuwa kada ka tsinka, mai ɗaci ne, don furensa ake shuka shi, wanda ake tatsar ruwan ƙamshi da shi a Maris da Afrilu. Lambu dukiyar mutum ce, a yi sallama a nemi izini kafin a shiga ko a ɗauki hoton mata masu tsinka.

A kan hanya za ku ji warin matatsar zaitun kafin ku gan ta. Ma'asara suke ce mata, tana aiki daga Nuwamba zuwa wajen Fabrairu, kuma da yawa suna sayar da mai a ƙofa. Kimanin kilo biyar na zaitun ke ba da lita ɗaya. Sabon mai kore ne, gurɓi-gurɓi, yana ɗan ɗaci yana kuma kartar maƙogwaro. Wannan shaidar kyau ce, musamman a irin zaitun na arewa da ake kira shatwi. Wanda za ka guje wa shi ne mai warin tsami ko na ruɓa, alamar an bar 'ya'yan sun kwana da yawa a buhu kafin a matse. Ka ɗanɗana da burodi kafin ka saya. In ya daskare ya yi fari-fari a ɗaki mai sanyi, ba algus ba ne, zai narke. Wanda ba a tace ba yana tara laka a ƙasa, ita ke saurin lalata shi, don haka a cinye shi cikin watanni kaɗan, ballantana a zafin ƙasarmu.

Kurbus tana ɗaya gefen, tana kallon Tunis, ƙauye ne a matse tsakanin dutse da teku mai maɓuɓɓugan ruwan zafi tun zamanin Rumawa. A Ain Atrus ruwa mai zafin da ya kai digiri 50 yana kwarara cikin teku, mutane suna zama inda biyun suka gauraya. Kada ka sa ƙafa a bakin maɓuɓɓugar, kuma kada ka je washegarin ruwa mai yawa, duwatsu kan gangaro kan hanyar.

Ranakun ruwa

Su ne na cikin gari. Nabul garin tangaran ne, masu launin ɗorawa da kore su ne na asali. Ka ƙwanƙwasa kwano da farce: mai lafiya yana ƙara siririya, mai tsaga a ɓoye yana amo a dakushe. Ka tambaya ko na cin abinci ne ko na ado, domin fentin wasu na ado bai dace da abinci mai tsami ba. Akwai masu saƙa tabarma, akwai masassaƙa dutse a Dar Sha'aban, akwai ɗan gidan tarihi mai kayan tsohon garin Niyafolis. Babbar kasuwa ran Juma'a take ci, da safe. A Hammamat tsohon gari ƙarami ne, awa biyu sun isa a zaga shi a hau kagara. Hamam, wato gidan wankan tururi na unguwa, shi ne maganin sanyin da ya shiga ƙashi. Maza da mata kowa da lokacinsa ko ƙofarsa, a tafi da tawul da gajeren wando, kuma kada a fito iska kai a jiƙe.

Abincin sanyi shi ne lablabi. Za a miƙo maka kwanon ƙasa da busasshen burodi, kai za ka gutsuttsura shi da hannunka ƙanana-ƙanana, ka miƙa. Sai a kwarara masa romo mai zafi da hummus, wani wake mai kama da gujiya, a zuba kammun da tafarnuwa da yajinsu na harisa da man zaitun, a fasa ƙwai mai ruwa-ruwa, wani lokaci da kifin gwangwani. Da cokali biyu ake cakuɗa shi har ya haɗe. Kwano ɗaya da hantsi zai kai ka la'asar. Da sassafe kuma akwai duru'u, kunun dawa ne mai kauri da sukari, Bahaushe zai gane shi tun daga ƙamshi. Harisa, niƙaƙƙen jan barkono da tafarnuwa da kayan ƙamshi, wadda UNESCO ta amince da ita cikin al'adun duniya a 2022, Nabul na cikin gidajenta. Ta gida da ake aunawa a kasuwa ta fi ta gwangwani, a rufe samanta da mai don kada ta yi fumfuna. Kifi kuwa da yanayi yake tafiya. In teku ta yi kwana biyu tana hauka jiragen masunta ba su fita ba, abin da ke kan tebur tsoho ne ko na firji, ga tsada. A gidan abinci ka sa a auna kifin a faɗa maka kuɗinsa kafin a gasa.

Ta fuskar ibada ba za ku ji baƙunta ba, Malikawa ne, kuma Ƙairawan, garin Ibn Abi Zaid mai Risala, tafiyar kusan awa ɗaya da rabi ce daga Hammamat, ta cancanci yini guda. Lokutan salla a matse suke: la'asar wajen ƙarfe uku, magariba wajen biyar da rabi. Masallatai da yawa ana rufe su tsakanin salloli, kuma Juma'a wasu da wuri suke yi, wasu sai dab da la'asar, ka tambayi na unguwarku. Mai huffi na fata ya taho da shi, ruwan alwala kamar ƙanƙara yake. A shekarun nan azumi yana faɗowa cikin sanyi. In tafiya ta haɗu da shi, gidajen abinci a rufe suke da rana, luwaj kuma tana yankewa tun kafin shan ruwa.

Takardu da kuɗi

Mai fasfon Najeriya yana bukatar biza, a nema da wuri a ofishin jakadancinsu. Kowa dai ya tabbatar da ƙa'idar fasfonsa kafin ya sayi tikiti. A tafi da katin rigakafin shawara, da takardar aure don wasu ƙananan masaukai kan tambaya. Akwai maganar da ba za a ɓoye ba. Tun bayan jawabin Shugaba Kais Sa'id na Fabrairun 2023 a kan baƙin haure daga kudu da Sahara, baƙar fata ya fi fuskantar tambayoyin jami'an tsaro a tashoshi da shingayen hanya, wani lokaci da kallon banza daga wasu mutane. Ku riƙa yawo da fasfo, da takardar otal a buge, da tikitin komawa, kuma kada ku wuce kwanakin da aka ba ku. Jirgin ɗaukar hoto marar matuƙi a bar shi a gida, kwastan na ƙwacewa. Layin waya na Ooredoo ko Orange ko Tunisie Telecom ana samunsa da fasfo tun a filin jirgi.

Ba a canja naira ko sefa cikin sauƙi, ka taho da yuro ko dala. Dinarinsu ba a fita da shi daga ƙasar, don haka ka canja kaɗan-kaɗan, ka adana rasit, da shi za a mayar maka da ragowar a filin jirgi. Dinari ɗaya milim 1000 ne, kuma da milim suke faɗin farashi: in mai lemo ya ce dubu biyu da ɗari biyar, dinari biyu da rabi yake nufi, in kuma aka ce miliyan, dinari dubu ne. A ƙauye sai tsabar kuɗi, ƙanana. Larabcin makaranta ana fahimtarsa, Faransanci ya fi Turanci amfani nesa ba kusa ba. "Aslama" gaisuwa ce, "ƙaddesh" nawa ne, "ya'aishak" na gode.

Ranar dawowa, man zaitun da harisa da ruwan furen lemo duk cikin babban akwati za su shiga, domin ba a wucewa da ruwan da ya haura mililita 100 a jakar hannu. Ka sayi man a gwangwanin ƙarfe mai hatimi, ko ka naɗe murfin jarka da salatif ka sa ta cikin leda biyu. Lita biyar da gwangwaninta ta kusa kilo biyar, ka lissafa da nauyin da tikitinka ya ba ka. Tangaran a naɗe kowanne daban cikin suwaitocin da kuka gama da su, a tsayar da farantai a gefensu a tsakiyar akwati, kada a kwantar da su.